Me ya sa ake tausayin kocin da aka kora, bayan an sha ihun a kore shi?

Lamba Shida:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani hali na magoya bayan ƙwallo da ya ɗaure mini kai. Ƙungiya za ta yi ta shan kashi, a yi ta ihu a fili ana cewa koci ya tafi, amma da an sanar da sallamarsa sai ka ga an koma jimami, ana saka hotonsa, ana zagin mahukunta. Misali Solskjaer a Manchester United a 2021. Liverpool ta ci su 5 da nema a Old Trafford, Watford ta ƙara musu 4 da 1, kowa ya ce ya isa haka. Washegari aka kore shi, sai kuma aka shiga cewa an zalunce shi. Wannan tausayi ne na gaske ko ihu ne bayan hari? Kuma ta yaya mutum zai gane kocin da ya cancanci a tausaya masa da wanda shi ya jawo wa kansa?

Alƙalin Gefe:

Wa alaikumus salam, Malam Lamba Shida. Ba saɓani a ciki kamar yadda kake gani. Son a canza koci hukunci ne kan teburin maki, tausayi kuwa hukunci ne kan mutumin da abin da ya bari a baya. Mutum ɗaya yana iya riƙe su duka biyun.

Solskjaer ɗin da ka kawo, shi ne ya ci ƙwallon da ta ba United kofin Zakarun Turai a kan Bayern Munich a 1999. Ya karɓi riƙon ƙwarya a Disamban 2018 ƙungiya na cikin rigima, ya kai ta mataki na uku a kakar 2019/20, na biyu a 2020/21, ya kai wasan ƙarshe na Europa inda Villarreal ta yi nasara a bugun fenariti 11 da 10. A Yulin 2021 aka ba shi sabon kwantiragi na shekara uku, a Nuwamba aka sallame shi. To wanda ya ga ba zai iya ɗauko Firimiya ba bai yi ƙarya ba, wanda ya ji ciwon yadda aka rabu da shi shi ma bai yi ƙarya ba. Ko a filin Watford ran nan, da aka taso masa da ihu, Bruno Fernandes ya riƙa nuna wa magoya baya da hannu cewa 'yan wasa za su tuhuma, ba shi kaɗai ba.

In ka bi korar da ta tayar da ƙura, za ka ga yawanci akwai bashin da magoya baya ke jin ana bin su. Ranieri ya ɗauki Firimiya da Leicester a Mayun 2016, abin da ƙungiyar ba ta taɓa yi ba, wata tara bayan nan aka kore shi. Di Matteo ya kawo wa Chelsea kofin Zakarun Turai na farko a tarihinta a Mayun 2012, a Nuwamba aka sallame shi bayan Juventus ta ci su 3 da nema. Magoya baya suka riƙa tafi a minti na 16 na wasanni, lambar rigarsa ke nan lokacin yana taka leda, suna kuma yi wa Benitez da ya gaje shi ihu. Benitez ya ɗauki Europa a wannan kakar, ya ƙare na uku, amma bai samu shiga zukatansu ba. Bielsa ya dawo da Leeds Firimiya a 2020 bayan shekara 16 tana ƙasa. A watan Fabrairun 2022 kaɗai an zura wa Leeds ƙwallo 20 a wasa biyar, amma da aka kore shi ba shi aka zaga ba.

Gwada su da Moyes. An ba shi kwantiragin shekara shida a United a 2013, aka sallame shi a Afrilun 2014. An ce an yi masa gaggawa, amma ba a yi zaman makoki ba, domin bai ajiye komai a wurin ba da za a tuna.

Sannan yanayin korar kansa yana da tasiri. Leicester ta fitar da sanarwar cewa tana bayan Ranieri ɗari bisa ɗari, ba a yi sati uku ba ta sallame shi, kwana ɗaya bayan wasanta da Sevilla a gasar Zakarun Turai. Irin wannan ke mayar da fushi kan mahukunta nan take.

Mai Lissafi:

Bari in taɓa tambayarka ta biyu, don ita ce ake iya aunawa. Kafin a ce an zalunci koci ko ba a zalunce shi ba, ga abin da ya kamata a duba.

A fara da jadawali. Wasa shida babu nasara ba ma'ana ɗaya gare su ba in huɗu daga ciki da ƙungiyoyin saman teburi aka yi su. Kuma wasa shida kaɗan ne ƙwarai a gasar da ake wasa 38. Raba makin da ya samu da yawan wasannin, ka yi haka kan wasa goma sha biyar zuwa ashirin na baya, ba kan makonni uku ba. Maki ɗaya a kowane wasa shi ne kusan iyakar tsira a Firimiya, shi ya sa ake yawan maganar maki 40. Mai neman gurbin Zakarun Turai kuwa yana buƙatar kusan 1.8 ko sama.

Sai ingancin damar da ake samu, abin da ake kira xG. Kowane hari ana ba shi ƙima gwargwadon inda aka buga da yadda aka buga. Fenariti kusan uku cikin huɗu ake ci, harbi daga nesa wajen da'ira kuwa da ƙyar ake cin ɗaya cikin ashirin. Idan ƙungiya tana samar da damar da ta fi ta abokan hamayya mako bayan mako amma ƙwallo ta ƙi shiga, ko gola yana sakin abin da bai kamata ba, tsarin koci yana aiki, sakamako ne bai zo ba. Wannan kocin ya cancanci haƙuri. Idan kuwa ana yi mata ruwan hare-hare daga cikin da'ira, tsakiya a buɗe, ana cin ta daga kwana da bugun tazara iri ɗaya kowane mako, wannan aikin filin atisaye ne, kuma na koci ne.

Na uku, jinya. Ba yawan masu rauni za a ƙirga ba, su wane ne. Bielsa ya rasa Kalvin Phillips da Patrick Bamford da kyaftin Liam Cooper na tsawon watanni, wato ƙashin bayan ƙungiyar daga baya zuwa gaba. Amma a nan sai an yi adalci ta kowane ɓangare. Karaya ko rauni daga keta ƙaddara ce. Tsagewar naman cinya da ke ta maimaituwa ga 'yan wasa da yawa kuwa tana iya nuna nauyin atisaye ko salon gudu ya yi yawa, kuma Bielsa da kansa ya fi son ƙaramar tawaga.

Na huɗu, wa ke sayen 'yan wasa? A manyan ƙungiyoyi yanzu daraktan wasanni ne da sashen farauto 'yan wasa, koci sai dai a ji ra'ayinsa. Leicester ta sayar da Kanté ga Chelsea a bazarar 2016, ba ta samu madadinsa ba. Tottenham ba ta sayi ko ɗan wasa ɗaya ba a kasuwar bazarar 2018 da ta Janairun 2019, duk da haka Pochettino ya kai ta wasan ƙarshe na Zakarun Turai. Da ƙungiyar ta gaji, ta zauna ta 14 a Nuwamban 2019, shi aka kora. An bar jaki ana dukan taiki.

Dalilin da ya sa kullum kocin ne ke tafiya lissafin kuɗi ne. Ƙungiya na da manyan 'yan wasa har 25 a rajista, kasuwa sau biyu take buɗewa a shekara. Ɗan wasan da aka saya fam miliyan 50 kan kwantiragin shekara biyar, a littafin ƙungiya miliyan 10 ake cirewa kowace shekara. In bayan shekara ɗaya aka sayar da shi miliyan 25, an rubuta asarar miliyan 15 ke nan, ga kuma dokokin Firimiya kan kashe kuɗi, irin wadda ta yi shekaru tana iyakance asara a fam miliyan 105 cikin shekara uku. Koci kuwa ana iya sallamarsa ranar Lahadi da safe. Ba arha ba ce, korar Mourinho da mataimakansa a 2018 ta ci wa United fam miliyan 19.6, amma ta fi canza 'yan wasa goma sauƙi. Magoya baya sun san wannan, ko da ba su san alƙaluman ba.

Ƙashin Baya:

Ni fa ban yarda da yawancin wannan tausayin ba, ku yi haƙuri. Leicester tana mataki na 17, maki ɗaya tsakaninta da 'yan dagaji, wato ukun ƙarshe da ke faɗuwa daga gasar, ta sha kashi sau biyar a jere a gasar, tun shigowar 2017 ba ta ci ƙwallo ko ɗaya a Firimiya ba. Craig Shakespeare ya karɓa, ya ci Liverpool 3 da 1, ya ci wasa biyar na farko a gasar, ya fitar da Sevilla, aka ƙare na 12. Chelsea ta kori Lampard a Janairun 2021 tana ta tara, aka yi ta cewa an wulaƙanta gwarzon ƙungiya, wata huɗu bayan nan Tuchel ya ɗauki kofin Zakarun Turai da 'yan wasan nan dai. Ina tausayin ya tafi a daren wasan ƙarshen a Porto? Kuma wanda aka kora ba hannu rabbana yake tafiya ba, kuɗin sallama yake karɓa. Ma'aikatan ƙungiya da ake ragewa in ta faɗi daga gasar, su wa ke tausaya musu?

Mai Lissafi:

Malam Ƙashin Baya, maganarka kan ma'aikata gaskiya ce, kuma na ba ka Tuchel. Ya koma 'yan baya uku, ya dawo da Rüdiger da aka ajiye a benci, ƙwallaye suka daina shiga. Canjin tsari ne da ido ke gani.

Amma hattara da ɗaukar wasa biyar na farko a matsayin hujja. Ana korar koci ne lokacin da sakamako ya kai maƙura wajen lalacewa, kuma ƙungiyar da ƙarfinta na tsakiyar teburi ne ba za ta dawwama tana shan kashi ba, ko wa ke kan benci. Rashin sa'a yana ƙarewa, masu jinya suna dawowa, jadawali yana sauƙi. Sau da yawa ma mahukunta kan zaɓi lokacin da wasanni masu sauƙi ke gaba, ko lokacin hutun wasannin ƙasashe, don sabon ya fara da ƙafar dama. Shakespeare ɗin nan an ba shi kwantiragin shekara uku a Yunin 2017, a Oktoba aka kore shi ƙungiyar na cikin ukun ƙarshe. Solskjaer kansa ya ci wasa takwas a jere da farko, ya fitar da PSG, aka tabbatar masa da aikin a ƙarshen Maris ɗin 2019, sai ya ci biyu kacal cikin goman da suka rage a kakar. Leeds ta tsira a ranar ƙarshe a hannun Jesse Marsch, shekara mai zuwa ta faɗi.

Alƙalin Gefe:

Akwai wani abu da nasarar sabon koci ke jawowa wanda Malam Ƙashin Baya bai ambata ba: maimakon ta kashe tausayin, wani lokaci rura shi take yi. Mai kallo zai ce, ashe kuna iya gudu haka? A daren da Leicester ta ci Liverpool, magoya baya sun kunna fitilun wayoyinsu a minti na 65 don girmama Ranieri, shekarunsa ke nan a lokacin, kuma maganar da ta cika gari ita ce 'yan wasa sun juya masa baya, su kuma suka musanta. Haka a Chelsea a Disamban 2015. Mourinho ya sha kashi tara cikin wasa 16, zakarun gasa suna ta 16, amma a wasan Sunderland da ya biyo bayan korarsa sunansa aka riƙa rerawa, Fàbregas da Diego Costa aka yi wa ihu, duk da Chelsea ta yi nasara da ci 3 da 1.

Abin da ke faruwa a ɗakin sauya kaya ba a gani daga waje, amma akwai alamunsa a fili: ɗan gaba ya rasa ƙwallo ya tsaya yana kallo, a ci su ɗaya sai ta biyu ta biyo cikin minti biyar, labarin atisaye ya fara fita a jaridu ba tare da sunan mai faɗa ba. In an kai nan, ko laifin na wa ne, da wuya kocin ya sake riƙe su.

Lamba Shida:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. To Postecoglou fa? Ya ba Tottenham kofi amma ya ƙare na 17. Wane layi za a saka shi?

Ƙashin Baya:

Wannan kam ko ni sai na sassauta. Ya ci United 1 da nema a wasan ƙarshe na Europa a Bilbao a Mayun 2025, kofin farko tun 2008, ga tikitin Zakarun Turai. Amma ya sha kashi 22 cikin 38, maki 38 kacal, kuma ya tsira ne don ƙungiyoyi ukun da suka faɗi sun yi nisa a ƙasa tun da wuri. Romero da Van de Ven da gola Vicario duk sun yi doguwar jinya, amma salonsa na tura 'yan baya har tsakiyar fili yana sa su tsere da gudu a kai a kai, Van de Ven kuma naman cinya ne ya riƙa damunsa. A Europa ya sauka daga wannan salon, ya ja da baya ya tsare gida, a wasan ƙarshe ma ƙwallo ta fi zama a ƙafar United. Wato ya iya, a Firimiya ne ya daɗe bai yi ba. Mahukunta suka duba wasa 38, magoya baya suka duba dare ɗaya da suka yi shekara 17 suna jira, aka sallame shi kwana 16 bayan ɗaga kofin.