Wane littafin girki zan saya wa ɗiyata?

Maman ƴan uku, Yamai:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Ɗiyata shekararta 10, tun hutun lakkwal ta maƙale mani wurin girki, yanzu kuma ta matsa sai na saya mata littafi. Na leƙa wajen masu shimfiɗa littattafai a ƙasa kusa da Babbar Kasuwa, kusan duk na Faransanci ne. Wadda ta taɓa saya don Allah ta faɗa mani yadda ta kaya.

Malamar firamare, Yamai:
Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Ni hoto ne ya ruɗe ni. Na saya wa tawa wani mai ƙyalli, sai da muka zo gida na ga girki na uku da naman alade, wani kuma a zuba giya cikin miya. Sauran ko dai kayan da sai babban kanti, ko a ce gram 125 na man shanu, a gasa a zafin digiri 180. Mu da ba mu da sikeli, balle fur na gashi! Yarinya ta yi ta kuka, tana ganin ita ce ba ta iya ba. Ki tsaya nan gaban mai sayarwa ki karanta jerin kayan haɗi. In rabinsu ba ki samu a kasuwar Katako ko ta Wadata, ki ajiye masa abinsa.

Inna daga Tawa:
Gaskiyarki Malama, amma kada a zubar da su duka. Cikin namu abu guda munka mora, gaton yawur da ake koya ma yaran Faransa. Ba sikeli, gwangwanin yawur ɗin shi ne ma'auni: yawur 1, sukari 2, fulawa 3, mai rabi, ƙwai 3 da ƙullin levir guda, hodar nan mai sa gato ya kumbura. Munka zuba rairayi cikin babbar tukunya, munka aza kwanon bisa, garwashi ƙasa da kan marfi. Na farko ƙasan ya ƙone, na biyu kuwa har maƙwabta sunka aiko tambaya. Ki nemi irin wanda ke auna da cokali da kofi, da hoton kowane mataki.

Baban Abba, Yamai:
Ku yi haƙuri in sa baki, nawa namiji ne, shekara 12. Na sa an kawo masa na Hausa daga Kano, kayan duk namu ne, sai dai yaron da ya tashi da karatun Faransanci yana tuntuɓe da rubutun Hausa. Ga kalmomi: su ce ƙosai mu ce cecena, su ce mudu mu ce tiya. Dole na zauna muna karantawa tare. Sharaɗina ɗaya, ba ya kunna gas ko ya matso mai mai zafi sai uwarsa na tsaye.

Hajiya Kaka:
Ƴaƴana, wane littafi ne zai gaya wa yarinya lokacin da tuwo ya isa talge? Hannu ke ji a muciya. Jikanyata kaye na saya mata, wato littafin rubutu. Duk ranar da nake dambu da zogale tana tsugune tana rubutawa, ni kuwa tana tilasta ni in auna abin da shekara 40 nake zubawa da ido. Har ta rubuta "albasar Galmi, kada a sa wata", abin dariya.

Maman ƴan uku:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, kayen zan fara saya gobe, na hotunan kuma ran Asabar da ita za mu je ta zaɓa ina dubawa. Inna, rairayin nan wanke shi ake ko haka ake zubawa?