Wai sai yaro ya sha wuya yake zama mutum?

Baffa: Jiya na ga jikana yana kuka don an ba shi shayi ba madara. Mu a yunwar 1984 dusa muka ci, kuma ga mu nan. Yaron da bai sha wuya ba ba ya hankali, wannan ba abin musu ba ne.

Auta: Gaskiya ne Baffa. Yaran yanzu sangarta ta yi musu yawa.

Anti Nas: Allah ya ƙara girma Baffa, amma horo daban, yunwa daban. Aike da shara da ɗebo ruwa ba wanda ya ƙi. Yunwa kuwa tabo take bari. A Holand an yi yunwa daga 1944 zuwa 1945, lokacin da Jamus ta tare hanyar abinci. Jariran da suke ciki a lokacin an bi su har girmansu, aka tarar ciwon suga da ciwon zuciya sun fi kama su.

Baffa: Turawa ne, jikinsu ba irin namu ba.

Anti Nas: To ku zo asibiti ku gani. Yaron da ya tsumbure kafin shekara 2, da wuya ya kamo tsawon da ya rasa, karatu ma yakan ba shi wahala. Ba yunwa kaɗai ba. A Amurka a 1998 an fara fitar da sakamakon binciken mutum sama da 17,000: waɗanda suka taso cikin duka da zagi da rikicin gida sun fi faɗawa ciwon damuwa da shaye-shaye.

Yaya Babba: Amma attajirai nawa ne a Kantin Kwari suka fara da dako?

Goggo: Kana ƙirga wanda ya haye, wa ya ƙirga wanda ruwa ya ci? Mu bakwai ne a ɗakinmu. Biyu ƙyanda ta ɗauke a shekarar yunwar nan, don ba jikin da zai ɗauki ciwo. Kai kuma ƙanena, da kake cewa ga mu nan, har yau ba ka iya barci sai ka leƙa buhun masara. Matarka ta ce ƙanzo kake ɓoyewa a aljihun babbar riga.

Auta: Kai Goggo, a gaban kowa!

Baffa: Wannan tattali ne, Yaya.

Goggo: Tsoro ne. Ni ma ina da shi. In na ji ƙarar kankare tukunya gabana faɗuwa yake, shekara arba'in ke nan.

Baffa: Duk da haka, a rage shagwaɓa yara.

Anti Nas: A rage. Amma a sa masa madarar, Baffa. Kuma ranar Litinin ku zo a auna jininku, wata uku ke nan kuna min alkawari.