Fim ɗin The Mule ya wanke ɗan dakon hodar iblis?

Maman Ummi: Jama'a, ni fim ɗin The Mule na Clint Eastwood da ya fito a 2018 bai kwanta min a rai ba. Tsoho mai noman furanni, kasuwa ta karye, sai ya koma dakon hodar iblis, yana tuƙi yana bin waƙar rediyo kamar mai zuwa biki. Har aka tashi ba a nuna mana mutum ɗaya da hodar ta lalata ba. Wanke shi aka yi.

Baban Sadiq: Ina wankewa a nan? A kotu lauya na nema masa sassauci, shi ya miƙe ya amsa laifi da bakinsa. A gidan yari ya ƙare.

Maman Ummi: Gidan yarin da yake dashen fure hankalinsa kwance?

Kawu: 'Yata, ni ta wajen iyali abin ya taɓa ni. Ranar auren 'yarsa Iris yana can bikin baje kolin furanni ana tafa masa, ita tana cikin kayan amarya tana jiran uba. Shekara 12 ba ta yi masa magana ba. Da kuɗin hodar suka zo ya kashe a bikin jikarsa, ya gyara zauren tsofaffin sojoji, amma Iris ko kallo bai ishe ta ba. Sai da ya yi watsi da tafiyar, kaya na cikin mota, ya zauna jinyar tsohuwar matarsa Mary har ta cika, alhali ya san masu kayan na iya kashe shi, sannan ta sauko. Kuma 'yar Eastwood ta cikinsa, Alison, ita ta fito a Iris.

Auta: Kawu, ka yi haƙuri, ina bayan Yaya Maman Ummi. Labarin Leo Sharp ne aka ɗauko, wanda aka kama a jihar Michigan ta Amurka a 2011 yana da shekara 87, da hoda kilo 104 ta gungun Sinaloa, masu safarar miyagun ƙwayoyi na ƙasar Meziko. A 2014 aka yanke masa shekara 3, kuma bai cika su ba aka sake shi.

Baban Sadiq: Wannan hukuncin kotun Amurka ne, ba laifin mai fim ba.

Maman Ummi: Amma mai fim ne ya zaɓi wanda za mu tausaya wa. Kilo 104 ɗin nan lodi ɗaya ne kawai, kuma birnin Detroit ya nufa da shi. Can ma akwai 'ya'yan da hodar ta raba da iyayensu. Minti biyu ma da an ba su.