Ƙwacen waya a unguwannin Kano: shawarwarin da aka tsayar

Waɗanda suka tattauna matsalar ƙwacen waya sun ce hukumomi ba su yi kaɗan ba, rabon aiki ne babu. 'Yan sintiri su tsare lunguna, in sun kama mutum su miƙa shi ga 'yan sanda nan take. Ba duka, ba tsarewa a ofishin 'yan sintiri. An daɗe a kan wannan batu, don nan ake ɓata shari'a: kotu ba ta karɓar furucin da aka samu da duka, kuma sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda ake zargi cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Mai unguwa ya riƙe rajistar 'yan sintiri, da hoto da sunan wanda ya tsaya wa kowa. Inda babu ita, ɓata-gari ne ke shiga rigar.

DPO (shugaban ofishin 'yan sanda na yanki) da dagaci da wakilan NDLEA (hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi) da Hisbah su zauna duk wata, su duba inda aka fi tare mutane da lokutan. Dillalan ƙwaya kuwa a bar wa NDLEA.

Kowa ya danna *#06# a wayarsa, ya rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar da za ta fito, a takarda; da ita ake bin sawun wayar.