Abin da aka tsayar game da binciken kimiyya na gwamnati

Da aka zauna tattauna yadda binciken da gwamnati ke ɗaukar nauyi yake kare muhalli da lafiyar jama'a, shawarar da ta fi cin lokaci ita ce a daina yanke kuɗin awon yau da kullum. Awon iska da ruwa aiki ne mai gundura, babu riba a cikinsa, shi ya sa kamfani ba ya jure yin sa shekara da shekaru. Aka kawo misalin masanan gwamnatin Birtaniya da suka yi ta auna sararin samaniyar Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, tun shekarun 1950. Sai a 1985 suka bayyana cewa iskar ozon, mai kare mu daga hasken rana mai ƙona fata, ta zaizaye. Shekara biyu bayan haka aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta rage sinadaran da ke cinye ta. Da an rufe tashar da suke yin awon don tsimi, wa zai lura? Wannan hujja ta ratsa ni ƙwarai.

An kuma nemi a riƙa fitar da sakamako a fili, cikin harshen da talaka zai gane, ko da bai yi wa masu mulki daɗi ba. Misali, gubar dalma da a da ake zubawa cikin fetur ta daɗe tana lalata ƙwaƙwalwar yara, amma sai 2021 aka daina sayar wa masu motoci irin wannan man a duniya.

Wasu sun ƙara da cewa kada masana'anta ta biya kuɗin binciken da zai yanke mata hukunci.