Wane zaren fatsa ne yake jure wa ƙanƙara?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kamun kifi a wuraren da tafkuna ke daskarewa. Saƙaƙƙen zaren da ya yi mini aiki lafiya lau duk tsawon lokacin zafi, yanzu da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, yana tara ƙanƙara a zobban sandar fatsa har ya ƙi wucewa, a kan abin naɗi kuma sai ya manne wa kansa. Shin in sake zare ne gaba ɗaya, ko akwai dabarar da za ta sa wannan ɗin ya ci gaba da aiki?

Dattijon Tafki: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da kake gani ɗabi'ar saƙaƙƙen zare ce, domin silallan da aka saƙa shi da su, huɗu ko takwas a yawancinsu, ba sa shan ruwa, amma tsakankaninsu yana ɗauko ruwa duk lokacin da ka naɗo, kuma da zarar iska mai sanyi ta buga shi sai ruwan ya daskare. Ni idan zan zauna a fili, nailan mai sili ɗaya nake ɗaurawa, saboda jikinsa sumul ne, ruwa kaɗan yake kwasowa, ƙanƙarar da ta kama shi kuma da yatsu biyu ake zare ta. Aibinsa shi ne sanyi yana sa ya riƙe siffar naɗinsa, ya sauka a murɗe cikin ramin da aka huda a ƙanƙarar tafki, ta yadda kifi zai taɓa koto ba ka ji ba. Kafin in fara, nakan warware tsawon da zan yi aiki da shi, in riƙa jansa gaba-gaba tsakanin hannuwana har ya miƙe. Ba na kuma shiga sabon lokacin sanyi da tsohon nailan.

Mai Ƙugiya: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai zan ƙara maganar fulorokabon, wani nau'in zare mai sili ɗaya, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a matsayin zaren kamun kifi a 1971. Kusan ba ya shan ruwa, kuma nauyinsa ya kai wajen 1.78 na nauyin ruwa, alhali na nailan bai wuce 1.14 ba, shi ya sa yake saukar da ƙaramin koto da sauri, yana kuma tsayawa a miƙe. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara yakan yi garau, kuma wannan zaren ya fi nailan ɓacewa a cikinsa. Duk da haka ba na cika abin naɗi da shi, domin a sanyi yana yin tauri, ya riƙa zubowa da kansa daga ƙaramin abin naɗi ya sarƙe. Mita ɗaya nake ƙullawa a ƙarshen zare. Ku jiƙa ƙullin kafin ku ja shi; idan aka ja shi a bushe, za ku ga zaren ya ɗan lanƙwashe ya yi fari kusa da ƙullin, kuma a daidai nan yake tsinkewa.

Maman Yara: Malam, kada ka yi saurin ajiye saƙaƙƙen zarenka. Mu a cikin tanti mai ɗumi muke zama, kuma a can ba ya daskarewa. Ruwan ƙasan tafki a wannan lokaci bai cika wuce digiri 4 ba, kifi ya yi sanyin jiki, yana ɗaukar koto a hankali ƙwarai. Idan zurfin ya wuce mita 10, miƙewar da nailan ke yi kamar roba tana haɗiye wannan ɗan motsin, shi kuwa saƙaƙƙe, da yake kusan ba ya miƙewa, yana kawo shi har hannu. Akwai kuma wanda aka lulluɓe jikinsa don ya rage ɗaukar ruwa. Na same shi da dama-dama a fili, ko da yake lulluɓin yana gogewa da amfani.

Mai Tambaya: Na gode muku duka. Ni a fili nake zama, ruwan kuma ba shi da zurfi sosai, don haka zan koma nailan. Mai wane ƙarfi ya kamata in nema?

Dattijon Tafki: Ga ƙananan kifaye, mai ɗaukar kilo 1 zuwa 2 ya isa, ga matsakaita kuma kilo 3 zuwa 4, domin gwargwadon sirancin zare, gwargwadon laushinsa a sanyi. Amma siririn zare yana bukatar kulawa, saboda bakin ramin daga ƙasa kaifi gare shi kamar fasasshen gilashi, kuma kifi yakan yi ta zagaye a nan yana goga zaren. Bayan kowane kifi, bi mitar ƙarshe da yatsa, in ka ji kaushi ka yanke ka sake ƙulli. Ka riƙa kwashe ɓarɓashin ƙanƙara daga ramin, ka shafa ɗan man leɓe a zobban fatsa, kuma idan suka toshe, ka narkar da ƙanƙarar da ɗumin hannunka maimakon fizgar zaren. In akwai kifi mai kaifin haƙora a tafkin, sai ka sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya.