Wace kalma za mu ba sandar da ake kaɗa gangar bodhrán?

Jama'a masu sha'awar harshe, ina neman mu tsayar da kalma ɗaya ta Hausa ga abin da mutanen ƙasar Ailan suke kira cipín a harshensu, wanda da Turanci ake ce wa tipper. Shi ne ɗan itacen da ake kaɗa bodhrán da shi, wato gangarsu ta gargajiya mai baki ɗaya, wadda ake rufewa da fatar akuya a kan kewayayyen katako mai faɗin santimita 35 zuwa 45 a galibi. Wanda ya san bandirin 'yan Ƙadiriyya a Kano ya riga ya san siffarta, sai dai bandiri da hannu ake buga shi, ita kuwa wannan, tun da masanin kiɗan Ailan Seán Ó Riada ya shigar da ita cikin ƙungiyarsa ta Ceoltóirí Chualann a shekarun 1960, da itace aka fi kaɗa ta a dandali.

Kalmar da za ta fara zuwa wa kowa ita ce gula, amma a ganina ba ta dace ba, domin gula lanƙwasasshen kai gare ta, kuma da kai ɗaya ake dukan fata. Shi cipín miƙaƙƙe ne, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, ana riƙe shi kamar alƙalami, wuyan hannu yana kaɗa shi sama da ƙasa, yayin da ɗaya hannun yake cikin gangar yana danna fata don sauya amo. A salon da ake dangantawa da yankin Kerry na Ailan ma kawunan biyu duka suna taɓa fata, kuma daga nan ake samun saurin kiɗan nan mai bugu uku a jere.

Makaɗi kalma ce ingantacciya, amma tana da matsala a rubutu, tunda ba ma sa alamar karin sauti. Idan aka rubuta "a zaɓi makaɗi mai nauyi", mai karatu zai iya ɗauka mutum ake nufi, idan kuma aka ce ɗan makaɗi don nuna ƙanƙanta, an koma maganar ɗan gidan makaɗa. Sanda kuwa ta yi masa tsawo.

Abin da nake ba da shawara shi ne tsinken kiɗa. Asalin ma'anar cipín ƙaramin itace ce, har ma da ita suke kiran tsinken ashana, saboda haka ba mu kauce wa tunanin masu abin ba. Na san za a ce tsinke ya cika siranta, kuma akwai gaskiya a ciki, domin wasu suna kai kaurin yatsa. Amma kalmar tana ɗaukar duk bayanin da mai saye yake bukata. Mai neman amo mai kauri zai nemi tsinke mai nauyi na itace mai tauri kamar eboni, ɗan uwan kanyarmu, ko da yake irin wannan yana gajiyar da hannun sabon shiga. Mai kiɗa da kai ɗaya a ɓangaren sama na fata, irin salon sanannen makaɗin bodhrán John Joe Kelly, zai nemi siriri mara nauyi wanda ba shi da ƙulli a kai. Mai koyo kuma ya fi samun sauƙi da tsinke mai kai biyu wanda aka yi wa tudu a tsakiya don kada ya sulluɓe daga yatsu.

Saura nau'in da ake ɗaure siraran itatuwa da yawa wuri ɗaya don a sami sauti mai taushi da ɗan ƙas-ƙas. Na fi karkata ga damin tsinkaye a kan tsintsiyar kiɗa, domin akwai wani nau'in dabam mai gashin buroshi a kai, kuma shi ya fi cancantar sunan tsintsiya. Ina so in ji ta bakin makaɗan kalangu da na kotso a cikinmu kafin mu tsayar.